Shekaru Biyun da Aka Ce Ina Rasha

Da neman taimakon Allah na ɗauki alƙalamin yau, don sau uku ina zuwa kan wannan babin ina tsallake shi. Abba, Ummi, da ku nake. Kun tashi da sanin cewa mahaifinku ya je Rasha sau biyu: na farko yana saurayi, ya karanto aikin injiniyan gini, na biyu kuna yara, lokacin da ofis ya tura shi kwas na shekara biyu. Zuwan farko gaskiya ne. Na biyun kuwa ban bar ƙasar nan ba, ko Abuja ban bari ba. Ina gidan yari, tafiyar da ba ta kai awa ɗaya a mota ba daga ƙofar gidanmu na Utako. Wasiƙun nan da Ummi ta adana a gwangwanin biskit, masu labarin dusar ƙanƙara da kogin da ke daskarewa, a can na rubuta su, a kan cinyata, gumi yana ɗiga a kan takardar ina gogewa da gefen riga.

Kafin in faɗi abin da ya kai ni can, bari in koma zuwan nan na gaskiya, don daga cikinsa aka ɗebo kayan ƙaryar. A shekarar farko ba gini aka koya mana ba, harshe ne. Malamarmu wata tsohuwa ce 'yar siririya mai furfura fari fat, muka laƙaba mata Iya tunda sunanta ya gagari harshenmu. Muna fara iya haɗa magana sai ta shiga ɗora mana littattafan magabatansu. To, mutanen nan Allah Ya zuba musu son labarin wahala. Ka buɗe wannan, mutane ne aka sa wa mari a ƙafa ana kora su a ƙasa zuwa Saiberiya, tafiyar wata da watanni. Ka buɗe wancan, wani ne a kulle yana ta shari'a da zuciyarsa. Wasu daga cikin marubutan ma su da kansu sun sha ɗauri. Kuma duk inda aka je aka dawo maganar ɗaya ce: mutum ya shiga da laifi ko da girman kai, wahala ta dake shi, ya fito ya san Allah ya san mutane. Ni kuwa a lokacin ɗan Zariya ne mai ji da kansa, lissafi kawai na ɗauka karatu. Wata rana na kasa haƙuri na ce mata:

"Iya, ni fa gini na zo koya. Me ya haɗa ni da fursunoni?"

Ta leƙo ni ta saman tabaranta, ta tura mini littafin da yatsa ɗaya.

"Kowa ya karanta sai ya ce labarin wani ne. Karanta dai ka ajiye, ba ya ruɓewa."

Na karanta don in ci jarrabawa, na ci, na manta. Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, shi ma don ya ba ni mamaki ne. Wai idan ayarin fursunoni ya ratsa ƙauye, sai mata su fito da burodi da dafaffen ƙwai suna danƙa musu a hannu, ba mai tambayar me ka yi. Wata ma sai ta tattara kayanta ta bi mijinta har inda aka kore shi, gari ya sani, dangi sun sani. Na tuna na ce wa abokin ɗakina mutanen nan ba su san kunya ba. Mu a wajenmu wanda aka ɗaure ko sunansa ba a son ambata a tsakar gida. Idan baƙo ya tambaya sai a ce ya yi tafiya, baƙon ma ya gane, ya ce Allah Ya dawo da shi lafiya, a wuce wurin.

Na dawo gida, na kama aiki, aka kawo mu Abuja lokacin da garin yake ta tashi ta ko'ina. Na yi ta hawa har na kai kujerar da sai na sa hannu ake zuba dakin, wato rufin kankare, a kan bene. Wata Juma'a ina sauri zan tafi Zariya ɗaurin aure, wani ɗan kwangila ya tare ni a bakin mota da fayil. Bene hawa uku yake ginawa, yana so ya zuba na biyu kafin ruwa ya kankama. Ƙa'ida ita ce in je in hau, in duba rodi, in duba haɗin siminti. Na ce sai Litinin. Sai ga wayar ogana, yana cewa mutuminsa ne, shi ya ga aikin da idonsa, in sa hannu kawai. Na ɗora fayil a kan mota na sa. Ko sisi ba wanda ya ba ni, kuma na daɗe ina fakewa da wannan, kamar wanda gini ya danne ya damu da ko an biya mai sa hannun. Rodin ƙanana ne, simintin an yi masa ƙwauro. Bayan mako uku, cikin wani ruwan safe, ginin ya rufta. Mutum huɗu suka ji rauni, birkila ɗaya ya mutu. Ɗan kwangila ya tsallake iyaka, ogana ya rantse bai taɓa kirana ba, sa hannu kuwa nawa ne, ba na musu. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Alƙali ya ba ni shekara biyu.

Ana gobe za a yanke hukunci mahaifiyarku, Rabi, Allah Ya jiƙanta, ta rufe ƙofar ɗaki ta zauna a bakin gado. Ba ta yi kuka ba, ita dama idan abu ya yi tsanani idonta bushewa yake.

"Baban Abba, yaran nan ba za su ji ba. Na riga na gaya musu ofis zai tura ka Rasha."

Na ce mata Abuja ce fa, ba daji ba, har jarida ta buga. Ta ce ta gani, sunana yana can ƙasa inda ba mai kaiwa. Za ta canja muku makaranta, dangi kuwa ta san yadda za ta yi da bakinsu.

"Ummi mace ce. Wata rana za a zo neman aurenta, a yi bincike. So kake a ce 'yar fursuna ce?"

Kada ɗayanku ya ɗora mata wannan. Rufin asiri ta nufa, irin wanda ta ga iyayenta suna yi, kuma ita ta ɗauki nauyinsa a kanta shekara da shekaru. Ta kawo shawara ne, ni kuma na cafke kamar dama jira nake. Ban yi gardamar minti biyar ba. Gaskiyar magana daɗi na ji, don na fi tsoron idonku a kan na alƙali.

Ga yadda muka riƙa yi. Asabar ɗin farko ta kowane wata takan ce muku za ta Suleja gaida 'yar uwarta, ta sa niƙabi, ita da ba ta taɓa sawa ba, ta zo ta bi layin masu ziyara. In ba ta wasiƙa, ta ba ni taku. Saura ambulan, don wasiƙar Rasha ba ta zuwa tsirara. Sai ta je Zariya ta buɗe akwatin marigayiya mahaifiyata, ta kwaso tsofaffin ambulan ɗin da na riƙa aiko mata ina ɗalibi. Takan kara su a bakin buta mai tafasa har kan sarkin ya saki, ta ɓamɓare shi a hankali, ta manna a sabon ambulan. Da ta dawo daga kasuwa sai ta ce ta biya ta ofis, ga saƙon Babanku ya iso. Mace ce mai dabara, da an bar ta ta yi karatu da ba ni ba ne injiniyan gidan.

Matsalata ita ce abin da zan rubuta. Shekara ashirin rabona da ƙasar, kuma zaman da na yi a can tsakanin aji da ɗakin kwana na yi shi. Da na lalubi kaina sai na tarar ba abin da ya rage sai littattafan Iya. Ashe da gaskiyarta, ba su ruɓe ba. Daga cikinsu na ɗebo dajin da ba ya ƙarewa, da kogin da ke daskarewa har doki ya ja kaya a kansa, da numfashin da ke zama ƙanƙara a gemun mutum. Ku dubi wannan aiki: ina zaune a kurkuku, ina ɗiba daga littattafan kurkuku, ina tsince fursunonin ina zubarwa, ina aiko muku da ƙanƙarar. Ummi tana da shekara takwas, takan cika shafi biyu da tambaya, wai dusar ƙanƙara tana da ɗanɗano, wai akwai masallaci, wai wa yake dafa mini tuwo. Abba kuwa layi uku ne: gaisuwa, sakamakon jarrabawa, sai suna. Tun daga wata na biyar ma sai ya koma layi biyu.

Ɗakin da aka sa ni an gina shi ne don mutum goma, mu kuwa mun ninka haka har da ɗoriya. Abinci gabza, tuwon gidan yari, da wake mai ƙwari, bokiti ɗaya a lungu, zafi kuwa idan rana ta take sai ka ji kwanon rufi yana ƙara. Na ware kaina. Ina ganin ni ba irinsu ba ne, su ɓarayi ne da 'yan daba, ni kuwa tsautsayi ne ya faɗa mini. Da suka ji inda na yi karatu suka sa mini suna Oga Rasha, ina amsawa da ƙyar. Har na riƙa jera kaina da mutanen cikin littattafan nan, ina cewa to ga ni a nawa Saiberiyan, bari in ga tsarkin zuciyar da aka ce wahala tana kawowa. Na zauna ina jiransa yadda ake jiran mota ta cika a tashar Utako. Shekara ta zagayo ban ga komai ba sai ƙaiƙayi da tausayin kaina.

A nan Allah Ya haɗa ni da Baba Tanko. Tsoho ne manomi, mutumin Gbagyi, an ɗaure shi saboda ya fasa kan wani mai awon fili da ƙotar fartanya ranar da aka zo kafa duwatsu a gonar doyarsa. Coci yake zuwa, amma sallamarsa ta fi ta wasu limamai tsawo. Duk Lahadi sai gidansa sun zo, matarsa da ƙwarya a kafaɗa yadda matansu ke ɗaukar kaya, da 'ya'ya da jikoki, ana ta hayaniya a wurin ziyara kamar gidan suna. Su kawo gasasshiyar doya da manja, ya dawo ɗaki ya gutsuttsura wa kowa, har da ni da ba na kula shi. Bai iya rubutu ba, ya kuma lura kullum da la'asar ina duƙe a kan takarda. Wata rana ya matso ya ce in rubuta masa wasiƙa zuwa ga babban ɗansa da ke aiki a Legas, wanda bai ji labari ba tukuna. Ya ce in rubuta yana kurkuku, ya fasa kan mutum, mutumin bai mutu ba, an gode Allah. Ni kuma mai wayo na ba shi shawara a sassauta, a ce yana asibiti ko ya yi 'yar tafiya, kada hankalin yaro ya tashi. Ya dube ni kamar na yi masa Rashanci.

"Kai oga, wannan wane irin magana ne? In na ce ina asibiti, yaro zai kai doya asibiti. Ni kuma ina nan da yunwa."

Ɗaki ya kwashe da dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki. Da muka gama tasa sai ya tambayi abin da nake rubuta wa nawa. Ina alfahari da wasiƙun nan, sai na karanta masa ɗaya, na kuma bayyana masa dalili. Ya saurara har ƙarshe yana gyaɗa kai, ya yaba sanyin ƙasar. Sannan ya ce abin tausayi ne, yarana suna can suna roƙon Allah Ya kare ni daga sanyi, ni kuma zafi ne zai kashe ni. Ya sosa ƙafa, ya ɗago.

"Yaron da gininka ya danne, yaya sunansa?"

Ban riƙe sunan ba. An karanta sunan a kotu ba sau ɗaya ba, amma ni lokacin fuskar alƙali nake karantawa. Na san lambar fayil. Na san kaurin rodin da ya kamata a sa da wanda aka sa. Na cika takardu da sunayen koguna da dazuzzukan wata ƙasa, amma mutumin da alƙalamina ya kashe ban san sunansa ba. Baba Tanko ya koma tabarmarsa. Bayan Lahadi biyu ya dawo daga ziyara, ya miƙo mini rabona na doya, ya ce matarsa ta tambaya a wurin magina. Ya faɗa mini sunan, da ƙauyen, da cewa ya bar mata da 'ya ɗaya mai shekara takwas. Na rubuta a guntun takarda na cusa cikin littafin addu'o'ina. Doyar nan na ajiye ta gefe.

A wannan makon ne na fara gane abin da Iya ta ɗora mana. Ba wahala ce take wanke mutum ba. Na ga waɗanda ɗauri ya mai da su mugaye fiye da yadda suka shigo, ni kaina shekara guda ba ta ƙara mini komai ba. Mutanen cikin littattafan nan abin da ya same su shi ne ba su da wurin gudu. An san su, an san abin da suka yi, matar da ta miƙa musu burodi tana kallon marin da ke ƙafarsu ta miƙa. Dole mutum ya zauna inda aka ajiye shi, ya dubi na kusa da shi, ya dubi kansa. Baba Tanko bai taɓa jin sunan Saiberiya ba, amma shi yake zaune a cikin littafin. Ni da na karanta shi da harshen masu shi, kullum la'asar sai in tsallake katanga da alƙalami in tafi yawon kallon ƙanƙara. Jikina ne kawai hukuma ta ɗaure.

Na zauna na rubuta muku wasiƙar gaskiya, shafi ɗaya da rabi, na faɗi inda nake da abin da na yi. Ranar Asabar na ba Rabi. Ta karanta a kan bencin ziyara, gandiroba yana tsaye a kanmu. Ta ninke ta huɗu ta mayar mini a tafin hannu ta rufe yatsuna a kai.

"Shekara ɗaya da rabi ina yi wa 'ya'yana ƙarya saboda kai. In ka ba su wannan, da wane ido za su dube ni? Ka rantse mini ba za ka faɗa ba muddin ina numfashi."

Na rantse. Kuma tunda na ɗauki alkawarin faɗin gaskiya a babin nan, bari in ƙarasa ta: wannan karon ma sanyi na ji a raina. Na sami wanda zan ce shi ya hana ni. Na koma ɗaki na yayyaga takardar, na rubuta wata a kan yadda ƙanƙara take narkewa idan sanyi ya wuce, kogi yana fashewa da ƙara kamar aradu. Ummi ta ce duk cikin wasiƙun ita ta fi so.

Ranar da aka sake ni, Suleja Rabi ta wuce da ni. Na yi kwana goma a gidan 'yar uwarta ana ɗura mini abinci da maganin ƙaiƙayi, don wanda ya dawo daga Turai ba ya dawowa da ƙasusuwa a waje. Sannan na shigo Utako a tasi da sabon akwati. Tsarabar ma ta tanada: wata hular sanyi mai gashi da ta tsinto a wurin 'yan gwanjo a kasuwar Utako. Ummi, kin tuna kin kwana uku da hular nan a ka, ana tsakiyar zafin bazara, har ƙuraje suka feso miki a goshi. Abba ya durƙusa ya gaishe ni, ya ɗauki akwatin ya kai ɗaki, bai dubi fuskata ba. Na ce wa mahaifiyarku yaron nan miskili ne, halin kakansa ya ɗauko. Ta ce haka ne.

Aiki dai ya tafi, muka ce ritaya na yi. Na koma zana wa mutane ƙananan gidaje, kuma daga ranar ban sake sa hannu a kan ginin da ban hau da ƙafata ba. Da wannan na riƙa lallashin kaina. Ƙauyen birkilan nan kuwa ban je ba. Yau in ce sai na sami abin da zan riƙa, gobe in ce zuwan zai tayar musu da tsohon miki, jibi in ce rantsuwar da na yi wa Rabi ta haɗa da wannan, alhali ba ta haɗa ba. Baba Tanko ma da aka sake shi ban neme shi ba, don kada a gan mu tare a tambayi inda muka san juna. Mutumin da ya ciyar da ni doya wata goma sha ɗaya.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne Ummi. Saboda wasiƙun nan ta kamu da son ƙasar, ta girma ta bi littattafan nan ɗaya bayan ɗaya a fassarar Turanci, irin waɗanda na karanta don jarrabawa ita ta karanta su da zuciya. Takan zo da su kan tabarmar cin abinci ta tsare ni da tambaya: wai Baba, kai da ka zauna da mutanen nan sau biyu, da gaske ne ɗauri yana iya gyara mutum? Ni kuma in gyara zama in yi ta zuba bayani kamar wani shehin malami, in ce ai sai wanda ya shiga ne zai sani. Abba yakan ɗauki kwanonsa ya koma waje. Aurenki ya zo, aka yi bincike, aka ce gidan mutunci ne, 'yar injiniyan da ya yi karatu a waje. Rabi ta dube ni ranar, na gane abin da take nufi. Dabararta ta yi aiki, ba zan ce ba ta yi ba.

Bara cikin azumi Allah Ya karɓi abarsa. Rantsuwata ta sauka, amma na ci gaba da shiru, don shiru ya riga ya zama mini riga. Sai watan jiya, da kuka haɗu a gidan nan ranar Asabar, Ummi ta shigo da fara'arta ta ce:

"Baba, ina fasfonka? Mun gama magana da maigidana, bana zan kai ka ka sake ganin koginka. Ni ma in gan shi da idona."

Na ce zan duba. Ta shiga kicin tana 'yar waƙarta. Muka rage ni da Abba a baranda, yana juya makullin mota a hannu. Bai ɗago ba ya ce:

"Baba, ka gaya mata, ko ni in gaya mata."

Na tambaye shi me zan gaya mata. Sai ya ba ni labari. Yana aji biyu na sakandare ya ɗauki ambulan ɗaya ya kai makaranta don ya yi wa abokai burga. Malaminsu na labarin ƙasa ya karɓa ya jujjuya, ya ce wannan kan sarkin ai na Tarayyar Sobiyet ne, ƙasar da ta riga ta wargaje, kan sarkin ma ya girmi Abba. Ni da Rabi duk dabararmu ba wanda ya tuna cewa ƙasar da na yi karatu a cikinta ba ta nan. Ya dawo gida ya tambayi uwarsa. Ta rufe ƙofa ta gaya masa komai, ta sa shi ya rantse kamar yadda ta sa ni daga baya. Yana da shekara goma sha uku. Tun daga ranar yake zama ya rubuta wa ubansa gaisuwa zuwa Rasha, ya kuma ga ƙanwarsa tana tsalle da ambulan. Na ce masa me ya sa duk shekarun nan bai taɓa ce mini komai ba.

"Jira nake ka ce mini, Baba."

Ko ranar da alƙali ya yanke mini hukunci ban ji kunya irin ta wannan rana ba. Shekara ashirin ina kiran yaron nan miskili. Mun ce muna rufa wa yara asiri, ashe ɗaya muka ɗora wa kayan, ɗayar kuma muka gina mata ɗaki a kan rami. Abba, ban iya ce maka komai ba a barandar nan, to ga shi a rubuce: na zalunce ka, ka yafe mini.

Ummi, ke kuma ban san da wace fuska za ki gama karanta wannan ba. In kin yi fushi kina da gaskiya, kada ki yi saurin haɗiye shi don ni tsoho ne. Kewar da na ce ina yi taki a wasiƙun nan gaskiya ce, ita kaɗai ce tawa a ciki. Sauran na aro ne. Littattafanki kuma kada ki huce a kansu, su ba su yi miki ƙarya ba, har amsar tambayar da kike yi mini tana ciki. Ni ne na karanta su da harshen masu su, aka kuma kai ni inda zan gane su, na toshe kunnena.

Fasfona yana cikin durowa, ya daɗe da mutuwa, ku bar shi a nan. Tafiyar da nake roƙo ba ta kai wannan nisa ba. Ranar Asabar mai zuwa, in Allah Ya kai mu, Abba ya tuƙa, Ummi ki zauna a baya in kin ga za ki iya. Ƙauyen birkilan yana can bayan hanyar filin jirgi, in dai gari bai cinye shi ba kamar yadda ya cinye gonar Baba Tanko. Ban san ko matar tana raye ba. 'Yar kuwa yanzu sa'arki ce. Ba na sa ran a tare ni da burodi, in sun rufe ƙofa a fuskata haƙƙinsu ne. So nake dai in tsaya a gabansu da 'ya'yana biyu a bayana, in faɗi ko ni wane ne da abin da na sa wa hannu.

Guntun takardar tana nan cikin littafin addu'o'ina, ta yi laushi har rubutun ya fara gogewa, don haka bari in mayar da shi nan inda za ku gani. Birkila ne, yana ƙarƙashin dakin na biyu yana cire katako lokacin da ginin ya sauko. Sunansa Luka.